Ciwon marar da ya kusa cinye mini ƙoda

Akwai kalma ɗaya da muke jibga wa duk wata lalurar da ta same mu daga cibiya zuwa ƙasa, wato sanyi. Idan mara ta murɗa sai a ce sanyi ne, haka idan fitsari ya yi zafi, haka ma idan haihuwa ta yi jinkiri. Masu tallar magani a mota da lasifika sun san haka, masu talla a waya ma sun sani, shi ya sa kowace jarka da kowane ƙulli sunansa maganin sanyi. Ciwon sanyi akwai shi, ƙwayoyin cuta ne ke kawo shi, kuma yana da maganinsa a asibiti. Amma akwai wata cuta da ke fakewa a bayan wannan suna shekara da shekaru, tana ta ɓarna a ɓoye. Ni ta same ni, ta taɓa mini mafitsara, ta kusa kashe mini ƙoda ɗaya. Labarinta nake so in ba ki, tare da labarin aikin da aka yi mini.

Ni mutuniyar ƙasar Kano ce, aure ne ya kawo ni Fatakwal. Muna zaune a Trans-Amadi, ɓangaren da ake kira Silota saboda tsohuwar mayankar da ta tara Hausawa mahauta da dillalan shanu da masu kayan gwari. Maigidana harkar nama yake yi. Na faɗi wannan ne don ki san irin macen da ke miki magana: mai zaman gida, nesa da uwa da dangi, a garin da likita ke magana da Turanci ko Buroka, ke kuma ciwonki da Hausa kika san sunansa.

Tun ina 'yar shekara goma sha huɗu al'adata take zuwa da azaba. Kwana biyu ko uku ba makaranta ba Islamiyya, sai amai da birgima a tabarma, da kwalbar ruwan zafi a mara. Inna tana cewa haƙuri za ki yi, idan kika yi aure zai daina. Da na yi aure bai daina ba, sai aka ce idan na haihu. Haihuwar kuma ba ta zo ba. A shekara ta huɗu da aurena wani sabon abu ya ƙaru. Da zarar al'ada ta kusa, sai fitsari ya dame ni, in tashi sau biyar sau shida a dare, in je in yi ɗan kaɗan, ƙarshensa ya zo da raɗaɗi kamar ana matse mini wani gyambo a ciki. Sau biyu na ga fitsarin ya yi ja-ja. Idan al'ada ta ɗauke da 'yan kwanaki sai komai ya lafa, sai kuma wani watan.

Kin san abin da ya biyo baya. Mai kemis ya ba ni maganin kashe ƙwayoyin cuta, na sha, abin ya lafa, muka ce magani ya yi aiki, alhali lokacin lafawarsa ne ya yi. Wata ya zagayo, aka canza wani. An aiko mini da sassaƙe daga gida, an aiko da na tsuguno da na hayaƙi. Wani ma'aikacin lafiya da ya ji na tashi a kusa da dam ya ce tsargiya ce, tunda ita ma tana sa fitsarin jini, ya ba ni maganinta. An auna fitsarina sau uku, ba a ga ƙwayar cuta ba, amma aka ci gaba da rubuta mini maganin ƙwayar cuta. Duk wannan zirga-zirga ba wanda ya yi mini tambaya ɗaya tak: shin abin yana tafiya da al'adarki?

Wata likitar mata ce ta yi mini ita, a wani asibiti a nan Fatakwal. Ranar na tafi da wata maƙwabciyata, 'yar Zariya da ta yi karatun boko, ita ta yi mana tafinta. Da ma maigida ne ke raka ni, kuma ke ma kin san akwai maganar da ba za ki iya faɗa a gaban mijinki ya juya wa wani namiji da Turanci ba. Sai ki ce mara ce ke ciwo, ki yi shiru. Ranar kuwa na faɗi komai, har da zafin da nake ji can ciki lokacin kwanciyar aure, wanda ban taɓa furta wa kowa ba. Hausawa suka ce ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Likitar ta ajiye bironta ta ce tana zargin wata cuta da ake kira endometiriyosis, ta tura ni hoton mara, ta ƙara da cewa a duba ƙodojina duka biyu.

Mece ce wannan cuta?

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa da ke kauri kowane wata don tarbar ciki. Idan ba a samu ciki ba sai ta zube, shi ne jinin al'ada. A wannan cuta, tsoka mai kama da waccan shimfiɗa ce ke tsirowa a wajen mahaifa: a kan ma'ajiyar ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin hanji, wani lokaci a mafitsara. Ita ma tana jin kiran sinadaran jikin mace, tana kumbura tana tsattsafo da jini duk wata, sai dai nata jinin ba shi da ƙofar fita. Sai wurin ya yi ta rurucewa yana warkewa, tabo yana hawa kan tabo, har kayan ciki su manne da juna. Daga nan ciwo yake fitowa, daga nan kuma wasu ke samun wahalar ɗaukar ciki. Ba a ɗaukarta daga miji, ba a ɗaukarta a bayan gida, kuma rashin tsafta ba ya kawo ta.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mace ɗaya cikin goma da ke shekarun haihuwa tana da ita, kimanin mata miliyan 190 ke nan a duniya. An daɗe ana cewa cutar matan Turawa ce, ba ta kama baƙar fata. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Ibadan, aka wallafa a 2015, ya duba mata 239 da aka leƙa cikinsu da kyamara saboda lalurorin mata, aka samu cutar a jikin kusan rabinsu. Wani kuma da aka wallafa a 2011, wanda ya haɗa ƙasashe goma har da Najeriya, ya gano cewa daga fara ciwo zuwa gano sunan cutar mace kan shafe kusan shekara bakwai. Nawa lissafin ya haura goma.

Wadda ke taɓa hanyar fitsari ba ta da yawa, kamar mace ɗaya ko biyu ce cikin ɗari na masu cutar, ko da yake adadin ya fi haka nesa a cikin waɗanda tasu ta yi zurfi. Mafi yawa mafitsara take kamawa, kuma wannan tana da baki, tana sanar da kanta da yawan fitsari da zafi, wani lokaci da jini. Wadda ta fi haɗari ita ce mai shiru. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu da ke sauko da fitsari zuwa mafitsara, tsawonsa santimita 25 zuwa 30, kaurinsa bai wuce na tsinken tsire da yawa ba. A kan hanyarsa yana ratsawa ta gefen bakin mahaifa, daidai inda cutar ta fi son zama. Idan tabo ya naɗe shi sai ya shaƙe shi a hankali. Fitsari ya rasa hanya ya taru a sama, ƙoda ta kumbura, namanta ya yi ta sirancewa. Saboda abin sannu-sannu yake tafiya, kuma ɗaya ƙodar tana ɗauke nauyin aikin, mace na iya rasa ƙoda sukutum ba ta ji komai a kuiɓinta ba. An fi samunsa a ɓangaren hagu.

Nawa ma na hagu ne. Hoton ya nuna ƙodata ta hagu ta kumbura, kuma akwai wani curi a bangon mafitsara. Wallahi ban taɓa jin ciwo a wannan gefen ba. Da likitar ta zana wa maigida ƙoda da bututun a takarda, kafin ta gama ya gane, don abin da hannunsa ke taɓawa kullum ne a cikin dabba. Ya ce ya sha ganin ƙodar da ta zama kamar jakar ruwa. Daga ranar bai sake cewa mu gwada wani ƙulli ba.

Shawarar tiyata

An ƙara yi mini hoton MRI da gwajin jini na aikin ƙoda. Likitar ta yi mana bayani dalla-dalla: magungunan da ke kwantar da al'ada suna rage ciwo sosai, mata da yawa da su kaɗai suke zaune lafiya ba tare da an taɓa su da wuƙa ba, amma ba sa kwance tabon da ya riga ya ɗaure bututu. Wannan sai hannu. Kuma kowane wata da ya wuce, wani abu na ƙodar yana tafiya wanda ba zai dawo ba.

Nan gardama ta tashi a dangi. Inna ta ce a dawo da ni gida, ba za a yanka mata 'ya a Kudu ba. Yayana ya ce a bari sai bayan Babbar Sallah, lokacin da kuɗi ke shigowa. Ki lura da wannan, don ɗabi'armu ce mu mazauna Fatakwal da Anaca da Inugu: duk wani babban ciwo sai mu ɗage shi zuwa ranar da za mu je gida. Zuwa gida ba laifi ba ne, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai na Shika a Zariya, akwai na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato. Amma nan ma akwai asibitin koyarwa na Jami'ar Fatakwal da na Jami'ar Jihar Ribas, mutanen Inugu suna da na Ituku-Ozalla, na Anaca kuma ga Nnewi kusa da su. Hoton ƙoda dai ba ya buƙatar tafiyar kwana a mota. Ki fara sanin halin da kike ciki a inda kike, sannan a yi shawarar inda za a yi aiki. Mu a nan muka yi, Inna ce ta hawo mota ta zo.

Aikin da aka yi mini shi ne wanda likitoci ke kira laparoskopi, mu kuma muke cewa tiyatar huji. Maimakon a tsaga ciki, sai a yi 'yan ƙananan huji uku ko huɗu, kowanne daga rabin santimita zuwa santimita ɗaya da 'yan kai. Ɗaya a cibiya, ta nan ake zura kyamara mai fitila, sauran kuma na dogayen kayan aiki ne sirara. Ana hura iska a cikin don bangonsa ya ɗaga a samu fili, likita yana kallon allon talabijin yana aiki. Likitocin mata ne suka fi raya wannan hanya tun farko. Wani Bajamushe a cikinsu, Kurt Semm, shi ya fara cire afendis ta haka a 1980, abokan aikinsa suka yi masa ca, yau kuma ga shi ta zama ruwan dare. Amfaninta ga irin cutarmu shi ne kyamarar tana ƙara girman abu, tana kuma shiga can ƙasan ƙugu inda ido ke wahalar kaiwa, ga shi wurin cike yake da jijiyoyi da hanyoyin jini.

Kada ƙanƙantar hujin ta sa ki ɗauka ƙaramin aiki ne. Barci ake sa mutum gaba ɗaya, kuma nawa ya ɗauki sa'o'i. Likitoci biyu suka haɗu a kaina, na mata da na mafitsara. Sun fara zura wata siririyar roba mai lanƙwasa a kai biyu, daga mafitsara zuwa ƙoda, don ta riƙe bututun a buɗe. Sannan suka bi shi suna ɓare tabon da ya naɗe shi har ya saki. Na yi sa'a cutar daga waje ta matse shi, ba ta ci cikin namansa ba. Da ta ci, sai an yanke wurin an haɗa, ko a sake dasa bututun a wani gefen mafitsara. Curin mafitsara kuwa yanke shi suka yi tare da ɗan bangon da yake kai, suka ɗinke. Abin da aka cire aka kai ɗakin gwaji, ya tabbatar da sunan cutar.

Tun kafin in sa hannu an faɗa mini abin da ka iya faruwa. Ana iya farawa da huji a ƙare da tsaga ciki idan abin ya fi ƙarfin kyamara. Ɗinkin mafitsara ko na bututu yana iya yoyo, kuma duk 'yar Arewa ta san nauyin kalmar yoyon fitsari. Ana iya taɓa hanji. Cutar kuma tana iya dawowa bayan shekaru. Waɗannan ba sa faruwa da yawa a hannun wanda ya saba, shi ya sa tambayar da ta fi ta kuɗi muhimmanci ita ce: likita, ka saba yin irin wannan a kan hanyar fitsari? Akwai likitan mafitsara a tare da kai? Wanda ya iya cire ƙari a ma'ajiyar ƙwai ta huji ba lalle ne ya iya wannan ba, kuma likitan kirki ba ya jin haushin tambaya.

Bayan aiki

Abin da ya fara damuna da na farka ciwon kafaɗa ne, har na zaci an bige ni. Ashe ragowar iskar da aka hura ce, kuma da kwana biyu ta wuce. Washegari aka tashe ni na taka. Kwana huɗu na yi aka sallame ni da robar fitsari da jakarta, na yi kusan mako biyu da ita don ɗinkin mafitsara ya kama. Wannan ne ya fi yi mini nauyi a gidan haya mai banɗaki ɗaya, ina ɓoye jaka a ƙarƙashin hijabi. Ta ciki kuma, mai lanƙwasa, mako shida ta yi. Tana sa yawan fitsari da ɗan jini idan na yi aiki, an kuma gargaɗe ni da babbar murya cewa dole in dawo a cire ta. Ki riƙe wannan da kyau: idan aka manta da ita watanni, tsakuwa ke taruwa a jikinta, ta zama sabuwar cuta. Kada ki yi tafiya gida da ita ba tare da kin san ranar cirewa da wanda zai cire ba.

Kuɗi kam an kashe. Tiyatar huji ta fi ta tsagawa tsada a mafi yawan wurare, saboda kayan aikinta. Maigida ya taɓa jarinsa, na sayar da 'yan kunnena na aure, 'yan adashinmu suka ba ni ɗauka kafin layina ya zo. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, na ga wannan da idona. Idan kuma ba a samu mai yi ta huji ba, ko kuɗin bai kai ba, ana kwance bututun ta hanyar tsaga ciki, jinyar ce kawai ta fi tsawo. Ceto ƙodar shi ne gaba da komai.

Bayan wata uku aka sake hoto, kumburin ya sauka. Likita ya ce ƙodar ba ta koma yadda Allah Ya halicce ta ba, amma tana aiki. Fitsarin dare ya daina. Al'ada tana zuwa da ɗan ciwo irin wanda ƙwaya biyu ke kwantarwa. Ana duba ƙodar lokaci-lokaci. Haihuwa kuwa har yau shiru, muna bin likita muna roƙon Allah. Na faɗa miki wannan ne don kada wani ya ce miki tiyatar nan tabbacin ciki ce. Wasu suna samu bayanta, wasu sai da ƙarin taimako. Ni dai na shiga ne da ƙoda biyu, na fito da biyu.

Abin da nake so ki yi

Ki samu kalanda ko ɗan littafi. Wata uku a jere, ki riƙa sa alama a ranakun al'ada, ki sa wata alamar daban a ranakun da fitsari ya dame ki, ko bayan gida ya zo da zafi, ko kika kasa tashi ki yi girki. Idan alamomin suna haɗuwa wuri ɗaya kowane wata, ki ɗauki takardar ki kai wa likitan mata, mai kemis ba zai iya wannan ba. Idan an auna fitsarinki ba a ga ƙwayar cuta ba amma zafin yana dawowa, ki faɗa. Idan an taɓa yi miki tiyatar haihuwa, ki faɗa, don wani lokaci cutar kan zauna a mafitsara bayanta. Idan aka ce kina da endometiriyosis, ki roƙa a haɗa da hoton ƙoda ko da ba kya jin komai a kuiɓi. Hoto ne irin na masu ciki, ba allura ba yanka, minti kaɗan ne. Idan harshe ne matsala, ki tafi da macen da kika yarda da ita, wadda za ki iya faɗin komai a gabanta.

Uwa kuma, idan 'yarki tana rasa makaranta duk wata saboda mara, kada ki jira aure ya yi mata magani. Samun ciki yakan kwantar da ciwon na ɗan lokaci saboda al'ada ta tsaya, amma ba ya kawar da cutar, kuma cutar kanta tana iya hana cikin zuwa.

Kai kuma maigida da ka karɓi jaridar nan ka karanta har nan, na gode. Matar da ke kwanciya kwana uku duk wata ba raki take yi ba, wadda ke janye jiki a shimfiɗa mai yiwuwa zafi take ji ta kasa faɗa maka. Ka tambaye ta cikin lalama. Kuɗin da ake zubawa a jarkokin maganin sanyi na shekara guda ya isa kuɗin ganin likita da hoton farko. Ka kai ta, ka bar ta ta shiga da 'yar'uwarta mace, ka jira a waje har a kira ka.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, na gida da na asibiti, Ya ba masu nema zuri'a mai albarka.